Wushiryar Inna

Haƙora huɗu Inna ta rasa ranar da santsi ya kwashe ta a bakin banɗaki. Duka na sama ne, har da biyun tsakiya masu wushirya.

Babbar 'yarta ce ta kai ta asibitin haƙori, ita ce kuma ta yi magana, don bakin Inna a kumbure yake. Likita ya haska hoton muƙamuƙin, ya nuna musu inda ƙashi ya sirance a tsakiya. Ya ce hanya biyu ce. Ko a cike wurin da garin ƙashi, a jira ya kama, sannan a dasa wa kowane haƙori ƙusarsa, wanda zai ci tiyata biyu. Ko kuma a kafa ƙusa biyu a gefe, inda ƙashin ke da kauri, a ɗora haƙoran huɗu a haɗe. Wannan suke kira gada.

'Yar ta zaɓi gada, kuma tana da hujja. Baba, mijin Inna, na gida, mantuwa ta ci ƙarfinsa, ba ya karɓar abinci ko magani sai daga hannun Inna. Duk kwanan da za ta yi a kwance, shi zai yi shi da yunwa. Likita bai tambayi yadda haƙoran suke a da ba, su ma ba su kai hoto ba.

Watannin da aka jira ƙashi ya riƙe ƙusoshin, Inna da giɓi ta yi su. Baba bai damu ba. In ta shigo da kofi sai ya dube ta ya yi dariya.

"'Yar wushirya, yau kuma ƙofar gari kika buɗe mana?"

"Sha maganinka, tsoho. Kai nawa suka rage maka?"

Mai ƙera haƙoran yana wani ɗaki a bayan asibitin, tsakanin tanda da kwalaben launi. Bai taɓa ganin Inna ba, siffar bakinta kawai aka kai masa. Ya jera haƙoran reras, ya shafe su da tangaran, ya daidaita launinsu da na ƙasa har da ɗan dafin shayi a gindi. Aiki ya yi kyau. Da aka ɗaure gadar, Inna ta daɗe tana kallon madubi, ta ce an ba ta bakin mai karanta labarai.

A gida ta shiga da kofi tana murmushi. Baba ya gyara zama, ya gaishe ta da ladabi, ya tambayi mutanen gidansu. Da ta miƙa maganin sai ya tsuke baki, ya ce zai jira matarsa.

'Yar ta ce rikicewa ce ta yini ɗaya. Aka shiga mako na biyu ana ɗura masa kunu da lallashi, wandonsa ya fara zamewa.

Suka koma asibiti, wannan karon da hoton aure a jaka. Likita ya ce ƙarfin gada a haɗinta yake, in aka raba tsakiya kowace ƙusa za ta ɗauki nauyin da ya fi ta. Komawa hanyar farko kuma sai abin da ya kusa shekara, don ƙashin tsakiya ya ƙara lotsawa. Inna ta ce tsohon nan ba shi da shekarar da zai ranta wa kowa.

Aka kira mai ƙera haƙoran. Ya riƙe hoton kusa da fitila, sannan ya ce da ya ga wannan tun farko da ya yi magana.

"Ɗan nan, kai ka toshe min hanya?" in ji Inna.

"Ni ne, Inna. Abin da aka kawo min na bi."

Ya gwada dabara: ya gurza siririn rami tsakanin haƙoran biyu, ya cike shi da launi mai duhu, ya gasa. Daga nesa kamar wushirya. Da suka koma gida, Baba ya kalla daga kusa, ya ce baiwar Allah, akwai abu a haƙorinki.

Washegari Inna ta hau kujerar likita ta ce a kwance gadar. 'Yar ta fara magana a kan tauna da yadda leɓe zai faɗa ciki. Inna ta ɗaga hannu.

"Wancan karon ke kika yi magana. Yau bakina ba a kumbure yake ba."

Likita ya kwance gadar daga kan ƙusoshin, ya rufe kawunansu, ya sa gadar a ƙaramin akwati ya miƙa wa 'yar.

Baba na zaune gefen taga lokacin da Inna ta shiga. Ta durƙusa gabansa, ta buɗe baki sosai, ta yi murmushi. Ya daɗe yana dubanta. Sannan ya karɓi kofin, ya haɗiye maganin, ya mayar mata.

"Wa ya yi miki wannan aika-aika?" ya tambaya a hankali. "Zauna ki huta. Matata ta kusa dawowa, ita ta san abin da ake sa wa ciwo."

Inna ta jawo kujera ta zauna. 'Yar na tsaye a bakin ƙofa, ba ta shiga ba.