Da Hannu ko da Baki

Kwana uku ke nan iska ta hana jirgin ruwa zuwa tsibirinmu, babu shiga babu fita. Ina cikin aji ina fama da yara sai ga Tonko, ɗan sandanmu ƙwaya ɗaya, ya leƙo ta taga.

"Malama Neva, ara mini bakinki na minti goma."

"Ka kira tafintan kotu mana."

"Yana can birnin Split. Ko in ce ya biyo teku da iyo?"

Na bi shi ina mita. Da ya tura ƙofar ofishinsa sai gabana ya faɗi. Gillian ce zaune, matar yayana Lovre. 'Yar Ingila ce, shekara huɗu da aurensu, amma har yau abin da ta iya na yarenmu na Kuroshiya bai wuce gaisuwa da cinikin kifi ba. Ta naɗe wuyanta da gyale, alhali ɗakin ya ɗauki zafin murhu.

"Tonko, matar wana ce. Bai kamata a ce ni ce a nan ba."

"Ni fa? Ni ne babban abokin ango a bikinsu. Zauna kawai."

Gillian ta fara magana a hankali, ina mayarwa. Jiya Lovre ya dawo daga tashar jiragen ruwa a jiƙe, iska ta gwara masa kwalekwale da bango. Ta ce masa da ma ta gaya masa ya janye shi tun Litinin. Nan ta dubi yatsunta, ta ce, "He lashed out at me."

Shekara goma sha tara ina koyar da Turanci, ban taɓa tsanar wata magana kamar wannan ba. Mutanen Ingila sun iya ɓoye duka a cikin magana! Wanda ya kai maka mari, haka za su ce. Wanda ya zazzage ka da masifa bai taɓa ko rigarka ba, shi ma haka za su ce. Sai na laluɓo tamu kalmar mai fuska biyu, na ce, "Napao." Wato ya far mata.

Tonko ya ɗage yatsunsa daga na'urar da yake buga bayanin. "Haba Malama, ni za ki yi wa wayo? Jarida ma tana far wa minista kullum, ba a kai shi asibiti. Da hannu ko da baki? Udario ko izgrdio?" Wato ya doke ta, ko faɗa ya yi mata.

"Abin da ta ce na faɗa maka."

Ya sassauta murya. "In baki ne, in same shi a tasha in ja masa kunne, shi ke nan. In hannu ne, yau a wancan ɗakin kullen zai kwana, ranar da jirgi ya zo in raka shi gaban alƙali. Ke za ki hau tudu ki gaya wa tsohuwarku, ba ni ba."

Mama, wadda likita ya ce ko ƙarar ƙofa kada a bari ta firgita ta. Lovre, wanda ya bar makaranta ya hau teku lokacin da babanmu ya rasu, don ni in je birnin Zagreb in koyo wannan Turancin da ya zame mini alaƙaƙai yau.

Na juya na tambaye ta da Turanci, "Gillian, da hannu ya taɓa ki?"

Ta ɗago ido. "Neva, kin san ɗan'uwanki."

"Ki faɗa da bakinki."

"Na faɗa ai. Ki gaya masa."

Raina ya ɓaci, na rantse har ita na ji haushinta. Tana da kalmomi fiye da goma a yarenta, na mari, na naushi, na shaƙa, duk ta tsallake su ta ɗauko wannan ta ɗora mini. Kuma na san dalili. Tsoro take ji, tana so kalmar ta fito daga bakin wani ɗan gida. Na san Lovre kuwa. Na san yadda hannunsa yake riga bakinsa tun muna yara.

Taga tana ta kaɗawa. Tonko ya zuba mini ido, ita ma haka.

Na ce, "Izgrdio." Wato da baki.

Ya buga da sauri kamar mai gudun kada in canja. Takarda ta fito, ya miƙa mata biro. Ƙa'ida ita ce in karanta mata duka da Turanci kafin ta sa hannu. Na karanta, da na iso wurin sai na mayar mata da maganarta yadda ta faɗe ta. Ta gyaɗa kai. Da ta sunkuya za ta sa hannu gyalen ya zame, ga shatin yatsu huɗu a gefen wuyanta, sun yi baƙi. Tonko ya tashi ya shiga gyaran itacen murhu. Ni kuma na sa hannu a ƙarƙashin nata.

A waje iska ta kusa kayar da mu. Ta riƙe hannuna gam, tana kuka tana murmushi.

"Na gode, Neva. Na ɗauka ba za ki iya ba."

Kunya ta rufe ni, na kasa kallonta.

"To yanzu ya za a yi?" ta ce. "Yanzu Tonko zai je ya tafi da shi, ko sai an jima? Kayana kawai nake so in kwaso. In jira a nan, ko in wuce gida?"

A ƙasan titi na hango Lovre yana haurowa daga tasha da igiya a kafaɗa. Ya gan mu, ya ga ƙofar da muka fito, sai ya ƙara sauri.