Wankan Garin Kirfa

Ranar da Troels ya cika shekara ashirin da biyar ba aure, ya san abokansa za su yi masa wankan garin kirfa, yadda ake wa duk wanda ya kai shekarun nan ba aure, mace ko namiji, a garinsu Odense. Bai dai zata za su cafke shi a ƙofar gidan shayin da zai fara haɗuwa da Solveig ba, yarinyar da suke ta hira a waya.

Suka ɗaure shi da igiya a sandar fitilar titi, suka jiƙa shi da ruwa, suka zazzage masa garin, suka tsere.

Yana tsaye jajur yana atishawa, sai ga ta a keke. Ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Ta ce, "Kai ne Troels? A hoto ka fi haske."

"Ki tafi abinki, ba zan ga laifinki ba."

Ta jingine keken, ta kwance igiyar, ta goge masa ido da mayafin wuyanta.

"Daina motsi, tuzuru. Ni bara aka yi min, har yau kunnena na ƙamshi."

Washegari bai zagi kowa ba. Katan ɗin giya ya aika wa shaiɗanun abokan nan nasa, don godiya.