Ƙaho Don Kunnen Ya Kaka

Ɗan Talata maƙeri ya juya ƙahon garmahon a hannunsa, ya leƙa ta baki, ya leƙa ta gindi, sa'an nan ya ajiye shi gefen zugazugi.

"Raƙumi ne ya kwanta a kai?"

"Raƙumi ne," in ji Aisami.

"To, ya kwanta da kyau. Wannan ba ya tashi."

Garmahon na Alhasan ne, wani falke da ya sauka Gure daga Kurmi. Ya zo da faifai guda, ya ce muryar Abatcha, ƙanen Aisami, ce a ciki. Abatcha ya bi masu shanu kudu tun kafin shekarar da fara ta cinye gonaki, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Alhasan ya ce ya gan shi ido da ido a wani gari na bakin teku cikin makaɗa, wani Nasara ya tara su a ɗaki suka yi waƙa cikin inji. Ya ba da aron garmahon zuwa watsewar kasuwa, don washegari da shi zai wuce Damagaram.

Da safe Aisami ya saka faifan da lotsattsen ƙahon. Muryar ta fito kamar kukan sauro cikin tulu, amma ya gane ta, har sai da ya zauna a ƙasa. Matsalar ita ce uwarsu, Ya Kaka. Kunnenta ya yi nauyi, ko kiran salla ba ta sani sai ta ga ana alwala. Ta kara kunne, ta daɗe, ta ce ita dai ta ga baƙin abu yana juyawa.

"Ƙaho nake so wanda kurma zai ji," Aisami ya ce wa maƙerin.

Ɗan Talata bai taɓa ƙera ƙahon garmaho ba, amma bai faɗa ba. Ya aika wurin mahauta aka kawo ƙahon sa, dogo, irin na shanun Fulani. Ya yanke tsinin, ya liƙa shi da kakin zuma. Aisami ya murɗa hannun garmahon, ya ɗora allura. Abatcha ya fito siriri, kamar wanda aka matse wa hanci.

"Ƙanenka mace ce?" wani mai kanwa da ya tsaya kallo ya tambaya.

"A'a."

Aka cire. Aka gwada duma mai dogon wuya, aka fafe cikinsa. Wannan karon ganga ta fito da nauyi, har ana jinta a ƙirji, sai dai mai waƙar ya koma kamar wanda ya faɗa rijiya yana kiran a kawo igiya. Mutane sun fara taruwa a bakin rumfar, kowa da shawararsa. Wani gardi, mai gadin bariki, ya ce garmahon kwamanda, Nasaran da ke mulkin garin, ba shi da ƙaho ko kaɗan, murya daga cikin akwati take fitowa, saboda haka duk wahalar banza suke yi. Ɗan Talata ya ci gaba da aikinsa.

Rana ta yi tsaka. Aisami ya dubi inuwar rumfa ya ga tana ƙanƙancewa. Bai ci komai ba, bai kuma je lambunsa ba, kuma ya san albasarsa na can cikin kwari tana jiran ruwa.

Daga ƙarshe Ɗan Talata ya tsaga garwa biyu, ya naɗe su, ya yi musu dalma, ya buɗe bakin har ya kai faɗin tabarmar salla. Abin ya fi garmahon girma nesa ba kusa ba, sai da aka tokare shi da gwafa. Da aka ɗora allura, jakin da ke ɗaure a gefe ya tsinke igiya. Muryar ta fito tar, amma da kaifi, ganga kuwa ta ɓace.

"Ba ruwan tsohuwa da ganga," in ji Ɗan Talata.

"Da ganga ta san shi," in ji Aisami.

Ɗan Talata ya kife babban akushi ya ɗora garmahon a kai, bai yi ba. Gardin nan ya tafi ba sallama, can sai ga shi da wani akwatin katako na bariki wanda ba komai a ciki. Aka ɗora a kansa. Akwatin ya ɗauki rawa, ganga ta dawo, murya ta zauna a kanta daidai. Aisami ya ce a bar shi haka.

Bayan la'asar suka kai kayan gida, mutum biyu na ɗauke da ƙahon kamar makara. Ya Kaka na zaune a gindin aduwa tana tsinkar zogale. Aisami ya juya bakin ƙahon ya fuskance ta, ya murɗa, ya ja da baya.

Waƙar ta cika gidan, ta tsallake dangar maƙwabta. Hannun Ya Kaka ya tsaya cikin ƙwarya. Ba ta motsa ba har allura ta kai ƙarshe tana ƙarta.

"Ya rame," ta ce. "Ba ya cin abinci."

Ta dafa ƙasa ta miƙe, ta tako har bakin ƙahon, ta cusa kanta ciki.

"Abatcha, ni ce. Babanka ya rasu da kaka. Bai sha wuya ba. Ɗakinka na nan, an sake masa jinka."

Ta fito da kanta, ta tsaya tana jira. Maƙwabtan da suka biyo su suka sunkuyar da kai. Aisami ya buɗe baki zai yi mata bayani, sai ya fasa. Ya murɗa hannun garmahon, ya mai da allura farko.

Ganga ta tashi, Abatcha ya sake shiga waƙarsa da fara'a, yadda ya yi ɗazu.

Ya Kaka ta gyaɗa kai, ta koma mazauninta, ta jawo ƙwaryar.

"Shi ne," ta ce. "Tun yana yaro ba ya sauraren mutum."