Rigunan Aikin Baba

Sau biyu a wata ɗaya Baba ya ɓata. Na farko wani mai wankin mota ne ya dawo da shi. Na biyu kuwa wuni muka yi ni da maƙwabta muna zagaye kafin mu same shi zaune a ƙofar masana'antar sabulun da ya yi wa aiki, wadda aka rufe shekara tara da suka wuce, yana jira a buɗe. Tun da ciwon mantuwar nan ya kama shi haka yake. Gari na wayewa zai zura tishat ɗin aiki, ya gyara wuya, ya nufi ƙofa. Ni kaɗai ce a gidan, kuma ba zan iya tsare ƙofa ina tsare keken ɗinki ba.

Rigunan sha takwas ne. Duk shekara kamfanin kan ba ma'aikata ɗaya, da tambari a ƙirji. Wasu sun koɗe har ba ka gane launinsu.

Yayana, wanda taimakonsa duk a waya yake ƙarewa, shi ya kawo shawara. "In babu rigar ai babu fita. Ki zubar da su kawai." Na ce ya zo ya zubar da hannunsa. Amma maganar ta zauna mini a rai. Zubarwa kam ba zan iya ba, sai na ce bari in yi masa bargo da su, ya riƙa ganin abinsa a kan gado, ni kuma in huta da fargaba.

Yadin tishat ɗan banzan yadi ne. Kana yankawa gefen ya nannaɗe, kana ɗinkawa ya miƙe. Sai da na manna wa bayan kowane yanki yadin gam na teloli da dutsen guga kafin ya nutsu. Ƙirjin kawai na fitar, hannuwa da wuya na watsa a shara. Kwana huɗu ina yi, kullum ina bar masa riga ɗaya ta sawa. Ranar ƙarshe yana wanka na ɗauke ita ma na sa mata almakashi. Wallahi ko tsayawa tunani ban yi ba, don na gaji.

Bargon ya yi kyau, wannan ba na musu.

Da safe na ji yana jan durowa. Ya buɗe ta sama, ya buɗe ta ƙasa, ya sake komawa ta sama. Na shiga na same shi tsaye da singileti, kafaɗun nan duk ƙashi.

"Baba, ga rigunanka nan," na ce, na shimfiɗa masa bargon.

Ya shafa tambari ɗaya. Ya ɗaga gefen yana neman inda zai sa kai. Ya juya shi, ya sake nema. Sannan ya zauna a bakin gado, ya ɗora hannuwa a gwiwa.

Dabarar ta ci. Bai fita ba ranar, bai fita washegari ba. Shayi ma sai dai in tarar ya huce a inda na ajiye. Mutumin da nake kokawar tsarewa a ƙofa, yanzu ko banɗaki sai na roƙe shi. Yayana ya bugo yana cewa, "Kin gani ko?" Na kashe wayar.

Rana ta huɗu na farke yanki ɗaya daga bargon, na nemo wata farar riga na ɗinka shi a ƙirjinta. Ya kalla sau ɗaya ya ce, "Ba irinta ba ce. Mai gadi ba zai bar ni in shiga ba." Na je kasuwar gwanjo na birkice dila uku, ko mai kama da ita ban samu ba. Na dawo na zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa, ban san abin da zan ƙara yi ba. Haushin kaina nake ji, kamar in mari kaina.

Ya sunkuyo, ya kira ni da sunan mahaifiyata, wadda ta rasu tun ina makaranta. Ya rage murya.

"Sun karɓe rigunan. Kin san abin da hakan ke nufi." Ya kalli ƙofa. "Kar ki gaya wa yarinyar nan an kore ni. Tana da jarabawa."