Kek ɗin Dankalin Vernell

Shekara goma sha ɗaya, duk taron da za a yi a cocinmu, biki ne ko zaman makoki, sai ka ji ana cewa, "Ina kek ɗin dankalin 'yar'uwa Vernell?" Ni kuwa ban taɓa gasa ko guda ba. A babban kantin nan na bakin titi nake saya, in juye a farantin gyatumata, in shigo ina taƙama.

Sai ga abin da masu kantin suka yi wa Ozella Tubbs, wadda ta tsufa tana yi musu aiki. Wai kaya sun ɓace, manaja ya sa masu gadi suka zazzage jakarta a gaban masu sayayya, ita kaɗai. Fararen fatan da suke aiki tare ko kallonsu ba a yi ba. Ko tsinke ba a samu ba, amma aka sallame ta.

Unguwa ta ɗauki zafi. A coci ni na fara miƙewa, na ce duk baƙar fatar da ya sake taka kantin nan ba namu ba ne. Ni na rubuta kwalayen zanga-zanga. Har wata tsohuwa na tsinka a bainar jama'a don ta shiga sayen sabulu. Kai, baki dai ina da shi!

Sati na uku da ƙaurace wa kantin, Fasto Gaddis ya ce ranar Asabar a ƙofar kantin za mu ci abinci, a kan idonsu, kowa ya kawo abin da ya iya. "Ke kam mun san naki," in ji shi. Aka kwashe da dariya.

Na gwada, Allah ya sani. Na farko ya ƙone, na biyu ya fito kamar kunu. In faɗi gaskiya, sunan da na tara ya zube? Ranar Juma'a na ƙwama baƙin tabarau, na yi tuƙin awa guda zuwa wani reshensu a unguwar fararen fata, na sayo uku.

Ranar Asabar kafin ka ce me an kusa cinyewa. Ozella ta zo ta yanki ɗan kaɗan, ta tauna a hankali, sannan ta ja ni gefe.

"Vernell, sun rage kirfa."

"Su wa?" na ce.

"Haba 'yar'uwa. Haɗina ne, duk rassansu shi suke yi. Ni nake gasawa a nan. Duk Asabar ina hango ki daga kicin, nakan ware miki wanda ya fi kyau in tura gaba."

Ban taɓa tambayar ta wane aiki take yi a ciki ba. Sati uku ina ihu da sunanta a titi! Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa idona.

"Da kin tambaye ni, ai da na gasa miki," ta ce. "Yanzu ba abin da nake yi."

Ta ajiye farantinta ba ta ƙarasa ba. Can Fasto ya ɗaga lasifika yana cewa a tafa wa jarumarmu Vernell, ta zo ta yi wa jama'a magana.

"Je ki," in ji Ozella. "Ke ake jira."