Mahauci da Waƙoƙin 'Yar Japan

Jiya da dare mafarki ya kai ni inda ko da igiya aka ja ni a farke ba zan je ba.

Ni mahauci ne a Gusau, shekara talatin ina riƙe da wuƙa. Kwana shida ke nan da 'yata ta fari ta tafi jami'a a Zariya. Kafin ta tafi, kullum gidanmu cike yake da waƙoƙin wata mawaƙiya 'yar Japan, mai siririyar murya, mai ɗaura ribom ɗin da ya fi kanta girma. Na yi faɗa har na gaji. Yanzu gidan ya yi tsit, kuma ba na jin daɗinsa. Ban gaya wa kowa ba. 'Yar fari ce, ko sunanta ba na faɗa, balle in ce ina kewarta.

A mafarkin na isa mahauta da hantsi, na tarar an shafe ta da fenti ruwan hoda. Shanu na zaune a benci suna shan alawa.

"Sannu da zuwa, Tanimu," in ji wani bijimi. "Yau muna hutu."

Na ce madalla. Na zaro wuƙata, sai na ga ta zama cokali. Na mayar da shi kube, don cokalin ma mai kyau ne. Aka fara yayyafi daga ƙasa zuwa sama, kowa ya kifa lemarsa ya shiga ciki ya tsaya.

Sai ga ni a tashar mota, shanun ma sun biyo ni. Waƙoƙi sun yi layi, kowace da 'yan ƙafafunta da ribom a ka. Na gane su sarai. Ga wadda yarinyar take sawa in tana wanke-wanke, ga ta shara, ga wadda nake kira kukan kyanwa. Kowace ta goya ɗan ƙunshi a baya. Wata agwagwa mai tabarau tana rubuta sunayen fasinja.

"Ina za su?" na tambaye ta.

"Gida. Waƙar da ta kwana bakwai ba a saurare ta ba, Japan take komawa. Sai gobe kwanakin za su cika, amma direba yana da biki."

"To, me suka goya?"

"Dariyar mai su. Tare suke tafiya."

Waƙoƙin su tafi, Allah ya kiyaye hanya. Amma dariyar nan ba ta Japan ba ce, a tsakar gidana aka haife ta.

"Na gidana ne," na ce.

"Na wa a gidan?"

"Na yarinyar nan."

Agwagwa ta buɗe littafinta. "Masu suna yarinyar nan muna da dubu tara. Wacce?"

"Babbar. Ta wajen Uwani, matata."

"Malam, suna muke karɓa."

Direba ya tada mota. Waƙar wanke-wanke ta shiga ta zauna a gaba.

Sai mawaƙiyar da kanta ta sauko daga sama a kan faifan tuwo. Ta durƙusa har ƙasa, ribom ɗinta ya share tashar.

"Baba, ina kwana. Kai ne kake ce wa muryata kukan kyanwa?"

"Ni ne, ɗiyata. A yi haƙuri."

"Ba komai, kyanwata ma haka take cewa. Baba, ka faɗi sunan mana. Shanu ne kawai a nan, su kuwa ba sa kai magana."

Na waiwaya. Bijimin nan ya toshe kunnuwansa da kofato, don ya san ya kamata. Na gyara murya, muryar da ke tsayar da sa a guje, amma da sunan ya fito sai ya fito siriri irin na mawaƙiyar.

"Rumasa'u."

Ba abin da ya faɗo mini a ka. Na sake faɗa, na ji daɗinsa a baki, na ƙara na uku. Waƙoƙi suka sauko daga mota ɗaya bayan ɗaya suka biyo ni. Ƙunshin ɗaya ya kwance, dariyar ta zubo, ita ce sak, har da 'yar shaƙuwar da take yi a ƙarshe. Muka kama hanyar gida ina gaba, ina rawa da cokali a hannu, shanu na yi mini tafi.

Ƙarar bokiti a bakin famfo ce ta tashe ni. Uwani ta leƙo ɗaki.

"Maigida, wa kake ta kira tun ɗazu?"

"Shanu nake kora."

"Ashe akwai saniya mai wannan sunan." Ta ajiye wayata kusa da matashi, ta riga ta fito da lambar yarinyar. "Sai ƙarfe takwas take shiga aji."