Kyautar da Ba Ƙusa

Tun ajin farko a jami'a Japan ta shiga ran Auta. Da safe sai ta sunkuya wa Inna har goshinta ya kusa taɓa gwiwa, ta gaishe ta da wani yare. Yayanta yana cewa saura ta fara shan koren shayi da tsinke. Baba, kafinta ne na shekara talatin, murmushi kawai yake yi.

Da makaranta ta buɗe shirin musayar ɗalibai, ita ce ta fara kai takarda, aka kuma ɗauke ta. Tsarin shi ne baƙuwa daga Japan ta fara yin mako biyu a gidansu, daga baya Auta ta je nasu.

Baƙuwar siririya ce, mai yawan kunya. Ranar da ta sauka ta miƙa wa Baba tsaraba da hannu biyu: guntayen katako guda biyu a haɗe, aikin kakanta, shi ma kafinta. Auta ce ta fassara, tana tuntuɓe da kalmomi.

Baba ya juya abin, ya sake juyawa. Ya cire tabarau ya goge.

"Ina ƙusar?"

"Ta ce babu, Baba."

"To gam fa?"

"Shi ma babu."

Ya ja, ya murɗa, ko gezau. Baƙuwar ta sa ɗan yatsa ta tura gefe guda, sai katakon ya zame ya rabu biyu. A ciki wasu haƙora ne masu lanƙwasa, kowanne da gurbinsa. Auta ta sha ganin irinsu a waya, amma da ta shafa santsin yankan sai tsikar jikinta ta tashi.

"Ikon Allah," in ji Baba a hankali. "Mutum ne ya yi wannan?"

Kwana huɗu ya ajiye ƙofofin mutane yana fama a shago. Ya ɓata katako bakwai. Inna ta ce hauka ya tashi daga kan 'ya ya koma kan uba.

Ran na biyar da hantsi ya kira Auta da baƙuwar. Ya ɗauko nasa guntayen, ya tura su cikin juna, suka ce ƙas. Ko gashi ba zai ratsa tsakaninsu ba. Baƙuwar ta tambaya da me ya auna. Baba ya ɗaga babban yatsansa mai kantar aiki.

Ta daɗe tana kallon yatsan. Sannan ta durƙusa cikin garin katako da farin wandonta, ta ɗauki hoton hannunsa ta tura wa kakanta.

Auta ta tsaya bakin ƙofa tana kallonsu. A shagon nan ta yi rarrafe, amma ba ta taɓa tsayawa ta kalli hannun Baba yana aiki ba.

"Ki tambayo min tsohon nan in kin je," in ji Baba, yana karkaɗe rigarsa, "wane itace yake amfani da shi. Namu yana da taurin kai."